Na je wankan jego Ingila, na dawo na fasa simintin tsakar gidana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya zafi? Mu dai nan Bauchi sai godiya. Yanzu haka da nake danna wayar nan ƙarfe uku na rana ne, ba wuta tun jiya, fankar sola tana ta juyi amma iskar da take kawowa kamar daga bakin tanda, in ka kuskura ka taka tsakar gida ba takalmi sai ka yi rawa ba kiɗa. Zafin nan ne ma yasa nace bari dai yau in rubuto abinda na daɗe ina ajiye da shi a raina. Dan Allah a bani fili ko da wasiƙar tayi tsawo, tsohuwar malamar firamare ce ni, mu kuwa in muka fara bayani sai an kaɗa ƙararrawa.

A 2024 Allah ya kai ni Ingila. Ba yawon buɗe ido na je ba, wankan jego na je yi wa yarinyar wajena, mijinta likita ne yana aiki a can. Na sauka farkon watan Maris na dawo farkon Yuni. Ni duk a tunanina Landan zan zauna in ga dogayen benaye, ashe daga filin jirgi tafiyar kusan awa uku ce a mota zuwa wani ƙauye a yankin Lincolnshire, kusa da garin Spalding. Ƙauye fa sosai. Coci ɗaya na dutse mai doguwar hasumiya, kanti ɗaya wanda shine kuma gidan waya, firamare ɗaya, gidan giya ɗaya, sai gidaje, bas kuma in ta wuce ka sai ka nemi wuri ka zauna. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, ni da na saba in buɗe ido in ga duwatsu ta kowace kusurwa a Bauchi sai da na yi sati ina jin kamar an ɗauke min wani abu. Surukina yace da can duk wajen fadama ce mai ruwa, shekaru ɗaruruwa da suka wuce aka yi ta haƙa magudanai aka tsane ta, shi yasa ƙasar take baƙa wuluk kuma komai aka sa sai ya yi. Dankalin turawa, kabeji, albasa, sannan abinda ya fi bani mamaki, gonar fure. Gona guda iya ganinka ba dawa ba masara, wani fure ne rawaya da suke kira dafodil, ana yanka ana ɗaurewa ana kaiwa kantuna. Nace ikon Allah, wato akwai wanda abincinsa fure ne.

Yara suna ce min wai wannan lokacin shine bazarar Turawa. Ni dai ban yarda da wannan fassarar ba. Watannin ne kawai suka zo ɗaya, Maris, Afrilu, Mayu, amma bazararmu ai gumi ne da mangwaro da kwana a waje da tsoron sanƙarau. Nasu ya fi kama da makon nan na farkon damina bayan ruwa biyu ko uku, lokacin da za ka tashi da safe ka ga ƙasa ta yi kore ba ka san yaushe ba. Sai dai nasu da sanyi yake zuwa. Ranar da na sauka suwaita biyu na saka da safa da mayafi mai kauri ga hita a kunne, amma haƙorana suna haɗuwa. Itatuwa kuwa duk tsirara ba ganye ko ɗaya, har nace wa surukina waɗannan busassun me ake jira da su ba a sare an yi makamashi ba? Yayi dariya yace Mama ba mutuwa suka yi ba barci suke yi, ki ba su sati uku. Wallahi kuwa haka aka yi. Shingen bakin hanya ya fara fitar da farin fure tun kafin ganye, sai na gaban gida ya yi ruwan hoda gaba ɗayansa, kafin ƙarshen Afrilu wanda nace a sare shine muke ajiye keken jaririya a ƙarƙashinsa.

Wankan jego dai an yi shi yadda ya samu. Ba murhu, ba tukunya, ba ganyen darbejiya, in ma ka ce za ka hura wuta akwai wani abu a silin da zai yi ta ihu har maƙwabta su fito. Ruwan famfo mai zafi da tawul muka yi amfani da shi. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji na tafi da su, kilishi kam an gargaɗe ni tun daga gida ba a shiga musu da nama. Ungozomarsu tana zuwa har gida ta duba mai jego ta auna jaririya, rannan ta same ni ina dama kunun kanwa ta tsaya tana tambaya me da me ke ciki, na yi mata bayani da turancin malaman firamare, tace to banda kanwar da yawa. Ban yi musu ba dan likitocinmu ma sun daɗe suna faɗa. Ranar suna mu tara ne a falo har da jaririyar. Rago a Bauchi aka yanka, a waya muka ga ana fiɗa. Ni abin ya tsaya min a rai, haihuwa guda ba mai shigowa barka, ba hayaniya, ba wanda ya leƙo yace ina kwana mai jego, sai dai ka ji an turo kati ta ramin ƙofa. Mutum ɗaya ce ta ƙwanƙwasa, wata tsohuwa da muke katanga ɗaya, ta kawo wa kishiyar tawa hular ulu da ta saƙa da hannunta da damin furen nan rawaya daga bayan gidanta. Daga nan muka saba.

Wannan tsohuwa ita ce dalilin wasiƙar nan. Ta haura saba'in da biyar, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna wasu garuruwa, ita kaɗai ce a gida sai kyanwa. Bayan gidanta bai kai rabin tsakar gidana ba amma babu tafin hannu ɗaya da yake zaune banza. Ranar da ta fara shigar da ni kicin ɗinta na ga dankalin turawa jere a cikin kwalin ƙwai a bakin taga, nace ko mantawa ta yi da su, tace a'a so take su fitar da ido kafin ta binne. Duk tagogin gidan ƙananan robobi ne da irin tumatir da kabewa da wake, dan a can ba a isa a fitar da tumatir waje ba sai wajen ƙarshen Mayu, kafin nan dare ɗaya raɓa za ta daskare ta ƙone shi ƙurmus. Wato wata biyu tana renon tumatir a ɗaki kamar jinjiri, tana juya shi ya bi rana, in yamma ta yi ta ja labule. Mu kuwa ka watsa ruwan wankin tumatir a bakin rariya bayan sati ka ga ya tsiro da kansa, mu sa ƙafa mu take.

Kowane indararo na gidanta akwai tanki a ƙarƙashinsa da ɗan famfo, ruwan sama take tarawa dan shuka duk da ruwan famfonsu baya ɗaukewa. Can ƙarshen lambun akwai akwatin katako, nan take zuba ɓawon dankali, ɓawon ƙwai, ganyen shayi, ciyawar da aka aske, busasshen ganye, har kwali. Rannan ta buɗe ƙasan akwatin ta ɗebo da hannu ta miƙo min, baƙi lukwi mai sanyi, tana tana ta motsi a ciki, tace in sansana. Malam Edita ina sansanawa sai ga hawaye. Ƙamshin bayan ɗakin Inna ne.

Allah ya ji ƙan Inna. A gidan da na tashi bayan ɗakinta akwai rama, yakuwa, lalo, kuɓewa, gauta, barkono, kabewa tana hawa danga har kan rufi, zogale shine shinge, lalle yana lungu, daddoya a fasasshiyar tukunya. Ruwan wanke-wanke baya fita waje, ɗan kwararo ta yi masa zuwa gindin gwanda. Toka da kashin awaki da sharar tsakar gida juji suke tafiya, in bazara ta yi a kwashe a kai gona a bar mata nata kason. Ban taɓa ganin an aiki yaro sayen ganyen miya da damina ba, na rani kuma ta shanya ta daka ta cika tukwane. Wallahi babu abu ɗaya da Baturiyar nan take yi wanda Inna ba ta yi, bambancin kawai ita tana da safar hannu da littafi, Inna kuma fartanya da ka. To amma ita Baturiya ta riƙe na uwarta, ni kuma da na yi boko me na yi da na tawa?

Bari in faɗa da bakina. Da kuɗin sallama na aiki suka fito abu na farko da na yi shine na sa aka shafe tsakar gida da siminti daga zaure har bakin bayi, ƙofar gida kuma aka jera intalok. Akwai wani mangwaro a tsakiya da mahaifin Malam ya dasa, ni na matsa sai an sare shi. Nace shara, nace jemagu suna ɓata min shanya, nace sauro, nace saiwarsa za ta fasa gini, wata uku ina mita har Malam ya gaji yace a yi yadda nake so. Masu gawayi suka zo suka yi masa kwana biyu. Ƙawayena suna shigowa suna cewa kai Hajiya gida ya yi fes kamar Abuja, ni kuma ina jin daɗi. Bazarar da ta biyo baya muka gane kurenmu, ɗakin da muke barcin rana a ciki ya koma ba ya shiguwa, siminti ya sha rana tun safe sai ya yi ta amayar da ita har tsakar dare, amma ko a lokacin ban taɓa cewa laifina bane, cewa nake yi zamani ne ya canza, zafi ya ƙaru. Kuma ba ni kaɗai bace. Duk wanda ya san Bauchi shekara talatin baya ya zaga yanzu ya gani, sabbin unguwanni gida ya cika fili taf katanga na jingine da katanga, wanda ya samu sarari kuma shago zai fitar. Ko sunan Fadamar Mada kaɗai ya isa ya gaya maka me ke wajen kafin gidaje.

Mu koma Ingila. A bakin ƙauyen akwai wani fili da hukumar ƙauyen ta yanka ƙanana-ƙanana tana bayarwa haya duk shekara ga wanda yake son noman abinda zai ci, alotmen suke ce masa, cikakke ɗaya wajen murabba'in mita 250 ne, wasu kuma rabi suke karɓa, kuma sai an rubuta suna an jira layi. Tsohuwar tace lokacin yaƙin Hitila da abinci ya yi wuya gwamnati ce ta yi ta kira kowa ya noma, har filayen wasa aka nome. Tana da rabi a can. Al'adarsu wai ranar Juma'ar Ista ake binne dankali, a shekarar ta faɗo 29 ga Maris, muna cikin azumi, amma nace sai na bi ta. Muka tafi da baro da angona, wato yayan jaririyar ɗan shekara shida. Na ga tana ta fama da shebur tana nishi, nace kawo, na karɓi wata 'yar fartanyarsu mai dogon ƙota na ja mata kunya huɗu miƙaƙƙu, sai ga tsofaffin maza na maƙwabtan filin sun zo sun tsaya suna kallo, ɗaya yace a ina na koya, nace a inda ake yi dan a ci ba dan motsa jini ba. Amma maganar gaskiya mutanen da na gani a wajen ba matalauta bane, akwai tsohon injiniya akwai malamar jami'a, duk sun yi dumu-dumu da taɓo suna musayar iri suna gardama kan takin doki. Mu a nan yaro ya yi digiri ka ce ya riƙe fartanya sai ya ga ka zage shi.

Shi kuwa angon nawa ya bani kunya. Ya san sunan tsuntsaye sun fi goma, ya san tana ba abin kashewa bace ita ke gyara ƙasa, a makarantarsu kowane yaro an ba shi ƙwayar wake ya shuka a kofi yana auna tsawonta da rula yana rubutawa. Lokacin da na fara koyarwa mu ma kowace firamare tana da lambu, kowane aji da fangalinsa, ana gasa, gyaɗar da aka samu a raba wa yara. Kafin in yi ritaya wajen lambun makarantarmu ya zama aji biyu da wurin ajiye babura, aikin gona kuma ya koma a allo, ana zana fartanya da alli.

Azumin can ma labari ne. Ranar 31 ga Maris muka tashi aka ce an tura agogo gaba da awa ɗaya, haka suke yi duk Lahadin ƙarshe ta Maris, shan ruwan da muke yi wajen shida da rabi ya koma bakwai da rabi dare ɗaya. Surukina yana ta min bayani wai tsawon azumin bai canza ba, nace na ji amma cikina agogo yake kallo. Daɗin abin kawai daga ranar lokacinsu ya zo daidai da na Najeriya, kiran Malam ya yi sauƙi. Ba kiran sallah a ƙauyen sai na waya, Idi ma sai da muka yi tafiya a mota. Amma da asuba akwai abinda ban taɓa ji ba, tsuntsaye. Tun duhu wani baƙi mai rawayan baki zai fara daga kan rufi, sai sauran su ɗauka, kafin gari ya waye kamar an buɗe kasuwa. Zuwa Mayu rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare, a kwantar da yara ƙarfe bakwai da rabi rana tana ƙwal a waje an ja labule mai kauri, ni kuma ina zaune ina jiran magariba ina gyangyaɗi.

Wata safiya a tsakiyar Afrilu tsohuwar ta ƙwanƙwasa da sauri tace fito 'yan ƙasarku sun iso. Na fito ina neman mutane, ashe tsattsewa ce a kan wayar lantarki. Tace daga Afirka suke zuwa duk shekara, su ƙetare Sahara su zo su yi sheƙa a rumfar motarta, kaka ta yi su koma, kuma duk shekara tana rubuta ranar da ta fara ganinsu a littafi. Sai na bata labarin shamuwa, yadda in muka ganta mun san damina ta kusa, yadda yara ba sa jifanta, yadda take sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari. Tace har yanzu tana zuwa gidanku? Na yi shiru, dan rabon da in ga shamuwa a unguwarmu na manta, ina ma za ta sauka, a kan tankin ruwa?

Kuma kar a ce halinsu ne kawai, akwai doka a bayan abin. Manomi baya aske shingen gonarsa daga 1 ga Maris zuwa ƙarshen Agusta saboda tsuntsaye na sheƙa. Akwai itacen da hukuma za ta sa wa kariya, yana cikin gidanka amma in ka sare ba izini tara za ka sha. Sannan su ma ciwon siminti ya kama su, da yawa sun shafe gaban gida dan ajiye mota har ruwa ya riƙa rasa inda zai nutse, shi yasa tun 2008 in za ka shafe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gida da abinda ruwa baya ratsawa, kuma ba ka yi wa ruwan hanyar nutsewa a cikin gidanka ba, sai ka nemi izini. Da na ji wannan sai na tuna yadda layinmu yake zama kogi duk Agusta, kowa ya turo ruwan gidansa titi, mu zauna muna zagin kwata.

Maganar ruwa ce ma ta fi kashe min jiki. Ni da nake ganin kullum cikin yayyafi suke, shekarar ma an ce ta fi saura jiƙa, na ɗauka sun ninka mu. Surukina ya nuna min a waya, wannan gabashin Ingila ruwan da suke samu a shekara wajen milimita 600 ne, Bauchi kuwa wajen 1,000. Mun fi su! Nasu dai yana zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, namu kuma a wata biyar yake zubowa ya wuce. Na ɗauki biro na yi lissafin aji shida: rufin kwano mai murabba'in mita 100, ruwan shekara ɗaya da ke sauka a kansa lita 100,000 ne, wato jarka mai lita 25 guda 4,000. Duk muna kallo yake bin indararo ya fita titi, Maris ta yi mu tsaya a ƙofa muna ƙwala wa mai ruwa kira.

Ba wai aljanna na gani ba fa. Akwai wani dodon koɗi marar ƙoƙo mai yauƙi, dare ɗaya ya cinye mata latas kaf, da tocila take fita tana tsince su. Farkon wake da ta fitar sanyi ya kashe. Wasu gidajen ma ciyawar roba suka shimfiɗa. Kayan miyansu na kanti kyau a ido ba ɗanɗano. Yarinyar nan kuma tana shan wahala, ba mai aiki ba ƙanwa ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro, hutun haihuwar miji sati biyu ne ya koma aiki, duk da dai ba laifi in ya dawo yana goya yaro ya yi wanke-wanke, abinda na yi ta kawar da kai saboda kunya. Ita kanta tsohuwar wani lokaci sai ta kwana biyu ba ta yi magana da ɗan Adam ba sai tsuntsayen da take zuba wa hatsi. Rannan na kai mata masa da miyar taushe ta ci tana santi, tace rabon da wani ya dafa abu ya kawo mata tun rasuwar mijinta. Wannan kam ko nawa za a bani bana so. Abinda na so shine yammacin da muke tura keken jaririya ta hanyar ƙafa da ta ratsa tsakiyar gonar wani ba mai ce maka kanzil, 'yan raguna sabbin haihuwa suna tsalle, a ƙofar wani gida ga ƙwai a tire da gwangwani, ka ɗauka ka jefa kuɗi ba kowa a wajen. Angona yace Kaka a Bauchi ma haka ake yi? Nace ci gaba da tafiya.

Na dawo farkon Yuni na tarar tumatir ya zama zinare, ƙwarin nan da manoma ke kira sharon ya yi ɓarna ga tsadar mota tun cire tallafin mai, mata har da karas suke miya. Kwana uku da dawowa na aika aka kira magini, shi ɗin dai da ya shafe, nace ya fasa min daga bakin rijiya zuwa katangar gabas. Ya dube ni yace Hajiya lafiya? Malam kuwa yana kan tabarma ko ɗaga kai bai yi ba, sai da aka fara dukan guduma yace to, Ingila ta yi rana, mangwaron Baba ma za ki dawo da shi? Ban tanka ba dan bani da ta cewa.

Ƙasar da muka tarar a ƙarƙashi ta mutu, fara fat kamar toka, sai da na sayi takin shanu buhu shida na haɗa. Na kafa sandunan zogale bakin katanga, na shuka rama da yakuwa da kuɓewa da alayyahu, na watsa 'ya'yan kuka a fangali ɗaya dan ganyen kawai, na sa durom biyu a bakin indararo da murfi saboda sauro, ruwan alwala da na ɗauraya kuma na yi masa hanya zuwa gindin gwanda. Kaji sun tone na farko. Akuyar maƙwabta ta shigo ta gama da na biyu, har muka ɗan yi sama-sama da matar gidan, daga baya ita ce ta zo neman irin daddoya. Gara ta ci dashen gwaiba. Amma daminar nan ban sayi ganye ba, na kuma shanya na rani. Na dasa mangwaro mai aure a daidai inda wancan yake, an ce shekara uku zuwa huɗu zai fara 'ya'ya, inuwa kuwa sai dai jikoki.

Roƙona ta bakin jaridarka, masu ba da izinin gini su riƙa duba ko an bar inda ruwa zai nutse da inda itace ɗaya zai tsaya. Maƙwabtanmu na Gombe suna ta dashen itatuwa a bakin tituna, madalla, amma ni ta cikin gida nake magana, inda babu gwamna sai matar gida. Shugabannin makarantu a dawo da lambu ko na buhu ne. Mata 'yan uwana kuma masu shirin karɓar adashe a kira mai intalok, ku zo gidana da azahar, ku taka ɓangaren siminti ku taka ɓangaren ƙasa, ba takalmi.

Yanzu dai durom ɗin sun ƙafe tun Disamba, jarka ɗaya nake ƙarawa kullum saboda mangwaron da zogale, Malam yana ta ƙorafin kuɗin ruwa amma na lura tabarmarsa ta bar bakin zaure ta dawo gindin zogalen. Tsohuwar ta aiko saƙo ta wajen yarinyar nan makon jiya, wai tsattsewarta sun iso, tana tambayar shamuwa. Nace a gaya mata tukuna.

Na gode da fili.

Taku,
Wata tsohuwar malama, daga Bauchi